Rigar Soso Mai Zif a Baya

Yayana mai gyaran kujeru ne, kuma a ganinsa babu wata matsala a duniyar nan da soso ba zai magance ta ba. Ƙofa na ƙara, a sa mata soso. Takalmi ya yi wa mutum yawa, a cusa soso. Ni ce mai yanka masa yadi a shago, shi yana ɗinki yana buga ƙusa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Da idona na ga ya naɗe ƙafafun teburin gidansa da soso, ya ɗaure da igiya, saboda 'yarsa ta taɓa yin tuntuɓe da ɗaya daga ciki.

'Yar nan ita kaɗai Allah ya ba shi, kuma da asma ta taso. Tun tana goye ƙirjinta yake shaƙewa, ka ji numfashinta na fita da ƙara kamar tsagaggen usur. Duk wanda ya taɓa zama gaban yaro yana neman iska ya rasa, ba zai yi wa Yaya dariya sosai ba. Ni ina yi masa, amma da sauƙi. Ni ce ma na laƙaba wa yarinyar suna Ƙwai saboda irin riƙon da ake mata, sunan ya bi ta har makaranta, har malamai da shi suke kiranta.

Dokokin gidan sun fi na bariki yawa. Ba gudu, ba fanka, ba ruwan sanyi ko na sha ko na wanka. Rigar sanyi biyu ko da rana na gasa mutane. In ta fara ƙyalƙyala dariya gaban talabijin sai ya zo ya kashe, wai dariya na tayar da tari. Shago kuwa ko ƙofarsa ba ta takawa saboda ƙurar soso, wannan kam na ba shi gaskiya. Yarinya ta shekara takwas ba ta taɓa yin gudu zuwa ƙarshen layinsu ba. In yara suka fito wasa da yamma, tana bakin taga ta dafa haɓa tana gaya musu wanda ya yi maguɗi.

Ranar da aka kai ta ganin sabon likita, da ni aka je, don Yaya ba ya iya riƙe abin da likita ya faɗa, firgita ke cinye rabi. Likitan ya saurari ƙirjinta, ya duba abin shaƙarta, sannan ya tambaya ko tana motsa jiki.

"Allah ya kiyaye," in ji Yaya, yana alfahari.

Likita ya cire tabarau ya kalle shi. Ya ce huhu ma aiki yake so, in an ajiye shi sai ya yi lalaci. Ya ce yara da yawa masu irin ciwon nan suna jin daɗin iyo, domin iskar da ke saman ruwan tana da ɗumi da laima, ba ta bushe maƙogwaro. A fara a hankali, a ajiye abin shaƙa kusa, a sa ido, in wani abu ya dame ta a dawo a gaya masa.

"Likita," in ji Yaya, "yarinyar da tun haihuwarta nake raba ta da ruwa, yau ka ce in ɗauke ta in jefa a ciki?"

"Ban ce ka jefa ta ba. Akwai matakala."

Tun a ɗakin na ga idon Ƙwai ya yi haske. Muna fita ta kama hannun ubanta ta fara, "Baba don Allah, Baba don Allah," har gida. Ya ce a'a a mota, ya ce a'a a bakin ƙofa, ya ce a'a da bakinsa cike da abinci. Matarsa mace ce mai haƙuri, ba ta cika sa baki a dokokinsa ba, amma ranar ta ajiye cokali ta ce, "Ka bar ta ta gwada. Mutum muka haifa." Maganar ta shige shi. Washegari sai ya zo da sharaɗi. Za a gwada sau ɗaya. In ƙirjinta ya yi ƙara a wurin nan, ko yaya, an rufe zancen iyo har abada, kuma kar wanda ya sake tayar masa da shi. Ƙwai ta ce ta yarda. Ni na san Yaya, in ya ce an rufe to an rufe, har da kwaɗo.

Akwai wurin iyo a bayan filin wasanni, mai rufi, inda wata mata take koya wa yara ranar Asabar. Yaya ya je duba wurin da tef ɗin awo a wuya. Ya auna zurfin gefen yara, ya tsoma gwiwar hannu ya ji ɗumin ruwan, ya ƙwanƙwasa tayil ɗin bakin ya girgiza kai. Malamar gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, da usur rataye a wuya, murya kuwa ko ba usur ta isa. Ya tambaye ta ko za a iya rage ruwan zuwa gwiwa ranar da 'yarsa za ta zo. Ta ce masa a gwiwa wanke ƙafa ake yi. Ya tambaya ko za ta yarda ya shimfiɗa soso a ƙasan ruwan. Ta kalle ni ta ce, "Ɗan'uwanki ne?" Na ce wallahi ba ni na zaɓa ba.

Ya dawo shago yana ta tunani, kuma duk lokacin da Yaya ya yi shiru yana shafa gemu na san wani yadi zai sha wahala. Washegari ya ajiye aikin mutane gefe, ya jawo soso mafi tauri, irin wanda muke sa wa mazaunin kujera, ya ce in yanko masa ragowar yadin wata kujerar falo da muka gama, mai manyan furanni ja da ruwan ƙasa. Riga zai ɗinka wa Ƙwai. Za ta rufe ƙirji da baya kar sanyi ya shiga, za ta ɗaga ta saman ruwa, in kuma ta bugi bango ba za ta ji ba.

Na ce, "Yaya, da me ake wanke kwano a gidanka?"

"Da soso."

"To me soso yake yi in ya ga ruwa?"

"Wancan soson wanke-wanke ne. Wannan lamba ɗaya ne, ƙato ya zauna a kai shekara goma bai lotsa ba. Ke dai yanka."

Na yanka. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho, kuma in faɗi gaskiya ina son ganin ƙarshen abin.

Ya yi aikin nan kamar na gidan gwamna. Ya ja yadin ya ɗame shi tam, don a wurinsa kushin da ya yi tattara abin kunya ne. Ya bi gefuna da igiyar ado. Ya dasa maɓallai huɗu a ƙirji, irin masu lotsawa ciki. Zif kuwa a baya ya sa shi, ya ɓoye shi ƙarƙashin ninki, domin duk mai gyaran kujera ya san zif ba ya fitowa gaba inda baƙo zai gani. Sannan akwai wata ɗabi'a tasa da duk masu kawo mana aiki suka sani: kujera ba ta barin shagon nan sai ya zauna a kai da kansa, ya yi tsalle, ya jingina, ya ji ba ta yi ƙara ba. Tunda ba zai shiga rigar yarinya ba, sai ya ɗinka wata daidai jikinsa. Ya sa ta a shago, ya yi tsalle, ya bugi bango da ƙirji, ya ce in zo in naushe shi. Na naushe shi da zuciya ɗaya. Ya ce ko a jikinsa. A ruwa ne kawai bai gwada ba, don Yaya ko a bahon wanka ba ya yarda ruwa ya wuce masa idon sawu.

Ranar Asabar muka tafi kamar masu ƙaura. Bargo biyu, fulas na ruwan zafi, tawul uku, abin shaƙa a aljihunsa na dama, wani a na hagu, wani a jakata ko da waɗancan sun ɓace. Matarsa ta ce ba za ta iya zuwa ta ga abin kunya ba, mu gaya mata in mun dawo.

Wurin ya cika da yara, ƙara na dukan rufi tana dawowa. Na shiga da Ƙwai ɗakin canza kaya, na sa mata kayan iyo, sannan na ɗora rigar da uban ya ɗinka mata na ja zif. Hannayenta suka tsaya a buɗe, sun kasa sauka. Ta kalli madubi ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Goggo, na yi kama da me?" Na ce kin yi kama da 'yar da ubanta ke so. Ƙarya ba ta cikin maganar, amma ba amsar tambayar ba ce.

Muna fitowa wurin ya yi tsit. Ƙaramar kujerar falo ce mai ƙafa biyu take tafiya a bakin ruwa. Wani yaro mai giɓi ya leƙo daga cikin ruwa ya ce, "Ana zama?" Shi ke nan yara suka fashe. Malama ta busa usur ta iso.

"Mene ne wannan?"

"Kariya ce," in ji Yaya. "Aikin hannuna."

"Aikin ya yi kyau. Ba za ta shiga ruwana da shi ba."

"To ba za ta shiga ba ke nan."

"Malam, wannan abin zai sha ruwa. Ina da kayan koyon iyo na gaske, ga su can a rataye, kuma ni ina cikin ruwan tare da ita."

"Waɗancan robobin? Ko awo ba a yi musu ba."

Suna wannan ja-in-ja na kalli Ƙwai. Leɓenta na rawa, idonta ya ciko, kafaɗunta sun fara hawa da sauka a cikin soson. Na san abin da ke biyo bayan kukanta. In ta yi kuka ƙirjin zai tashi, in ya tashi Yaya zai ji, kuma sharaɗinsa zai cika tun kafin ɗan yatsanta ya taɓa ruwa. Ita ma ta sani. Ta danne kukan tana haɗiye shi, tana kallon ruwan da ke gabanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa jin haushin ɗan'uwana irin na wannan lokacin ba.

Na ce, "Yaya, kai da ba ka ba da kujera sai ka zauna a kai. Ina taka rigar?"

Ya kalle ni, ya kalli ruwan. Taurin kai da tsoro suka yi kokawa a fuskarsa, taurin kai ya yi kaye. Ya zaro tasa daga buhun da ya zo da shi, ya ɗora kan singileti, ya juyo mini baya. Na ja zif ɗin har wuya, kuma ban ɓoye jin daɗina ba.

"Malam, kar ka shiga," in ji Malama. "Na ce kar ka..."

Ya riga ya toshe hanci ya yi bismillah ya faɗa.

Ruwan wurin iya ƙirjin yara ne, suna tsaye a ciki. Da farko soson ya yi abin da mai shi ya ce, har ya wuce. Rigar ta taso sama ta haɗiye masa wuya da kunnuwa, ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya koma rigingine yana juyi a hankali, furanni ja na sheƙi, ƙafafu na harbin iska. Yara suka hau tafi, sun ɗauka wasa ne aka kawo musu. Daga cikin rigar muryarsa ta fito, "Kun gani ko! Kun ga..." sai ruwa ya shiga bakin.

Daga nan soson ya fara sha. Kana jin sa yana tsotsa, kumfa na fitowa ta ramukan maɓallan. Gefe ɗaya ya riga ɗaya cika, sai ya karkata, fuskar Yaya ta nutse ta fito, ta sake nutsewa. Malama ta daka tsalle da kayanta, ta cafko shi ta tsayar da shi kan ƙafafunsa, ta jawo shi bakin ruwa. Fitar da shi kuwa sai da wasu iyaye maza biyu suka kama, don ya yi nauyin katifar da ta kwana a ruwan sama. Suka zaunar da shi kan tayil, ruwa na zuba daga jikinsa ta ko'ina.

Ina cikin dariya har da riƙe ciki sai na ga dariyar ba ta da wuri. Yadin da ya ɗame tam ɗin nan ya jiƙe ya ƙara matsewa, soson ya kumbura ya danne masa ƙirji. Ga ruwan da ya shaƙa, ga firgita. Yaya ya buɗe baki yana jan iska, iskar ta ƙi shiga. Idanunsa suka fito. Yana ta miƙa hannu baya yana neman zif ɗin da shi da kansa ya ɓoye. Malama ta laluba ta samo shi, ta ja, ya cije yadi ya tsaya. Allah ya taimaka mai yanka ba ta rabuwa da almakashi. Na zazzage jakata, na durƙusa a bayansa na fara keta aikin hannun nasa, amma soso lamba ɗaya ne, ga shi a jiƙe, almakashin sai tauna yake yi.

Ban ga lokacin da Ƙwai ta zo ba. Na dai ɗago na gan ta ta durƙusa a gabansa cikin tata rigar, ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Baba, kalle ni. Kar ka kalli ko'ina, ni za ka kalla."

Ya kalle ta, yana haƙi.

"Kar ka ja da ƙarfi, in ka ja da ƙarfi guduwa take yi. Fitar da ta ciki tukuna. Tsuke bakinka kamar za ka hura shayi. Yawwa. A hankali. Sauke kafaɗarka. Za ka ji kamar ba za ta dawo ba, amma tana dawowa. Kullum tana dawowa."

Muryar yarinyar nan ko rawa ba ta yi ba. Haka ta riƙa yi masa, tana hurawa yana bin ta, har almakashina ya kai ƙasa rigar ta buɗe ta faɗi gefe tim. Yaya ya ja wata doguwar iska, ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya sake ja. 

Da ya samu kansa bai kula kowa ba. Ya daɗe yana kallon 'yarsa.

"Haka kike ji?"

"Wani lokaci. Wani lokaci ya fi haka."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa. In abin ya zo kai kana ta gudu kana neman makullin mota, Mama na kuka. To sai in yi da kaina."

Yaya ya sunkuyar da kai. Na san shi tun ina rarrafe, na ga ya buge yatsa da guduma bai ce wash ba, amma ranar na ga hawayensa, ko da yake zai rantse ruwan wurin ne. Ya share fuska da tafin hannu, ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, "Cire mata."

Na zuge zif ɗin, nata bai cije ba. Yarinya ta fito daga ciki 'yar siririya, ƙasusuwan kafaɗa a waje. Malama ta karɓi abin shaƙa ɗaya ta ajiye kan benci inda kowa ke gani, ta miƙo mata hannu. Ƙwai ta kalli ubanta. Ya ɗaga kai sau ɗaya, da ƙyar, kamar wuyan ya yi tsatsa.

Sannan ya juya. Ya ja jikinsa a kan tayil ya ba ruwan baya, ya fuskanci bango, ya jawo yagaggiyar rigarsa ya fara matse soson a tsakanin gwiwoyinsa.

"Ba zan iya kallo ba," ya ce. "In na kalla zan hana. Ki riƙa gaya mini."

Na zauna kusa da shi ina fuskantar ruwa.

"Ta taka matakala."

"Uhm."

"Ya kai mata gwiwa. Ya kai ciki. Ta ɗan ɗauke wuta."

"Sanyi ne? Ki ce sanyi ne in..."

"Zauna. Ta saki ƙarfen matakalar. Malama ta riƙe ta, ta kwantar da ita, tana harba ƙafa."

Ya matse soson har jijiyoyin hannunsa suka fito. Can sai ga tari daga cikin ruwa, sau biyu, ƙarami. Duk gidanmu mun san wannan tarin ko a cikin kasuwa. Bayansa ya sandare, hannunsa ya tafi aljihun da abin shaƙa yake, ya tsaya a nan.

"Ita ce?"

"Ita ce."

"Me take yi?"

Na duba. Ta tsaya da ƙafarta, ta ɗaga wa Malama hannu alamar ta dakata, ta tsuke baki ta hura a hankali, ta saurari ƙirjinta da kanta. Sannan ta share ido ta sake kwanciya kan ruwan.

"Ta sha ruwa ne, ta gyara. Ta koma."

Yaya ya zare hannunsa daga aljihu, ya mayar kan soson, ya ci gaba da matsa.

"To," ya ce. "Ci gaba da gaya mini."